Wayoyi a Gindin Tsamiya

Asabar, da hantsi

Har yanzu babu sabis. Na share tsakar gida, na ba tantabaru ruwa, na yi ɗumame. Inna, mahaifiyar mijina, ba ta ci ba.

Wannan littafin cikin kayan da na taho da su daga Bakura na tsince shi, rabinsa duk aikin makaranta ne. Tun da aka ɗauke sabis a jihar nan ba ni da inda zan zuba magana. Da a gurup ɗinmu na masu karatun littattafai nake zuba ta. Yanzu waya ta koma tocila.

Hamidu. Na rubuta sunan, ba wanda ya gani. Da baki ba na faɗa, a gaban Inna sai dai in ce "shi". Ya tafi Dosara gyaran injin ban-ruwa, shi da ƙanensa Shamsuddeen, wai kwana biyu. Wancan makon ke nan. Yanzu shi yana Maradun, gidan kawunsu. Shi kaɗai ake ambata.

Takalmin ƙwallon Shamsuddeen yana nan a bakin zaure. Da na zo shara sai na zagaye shi.

Lahadi, bayan la'asar

Wani mutum ya zo daga Maradun, ya tsaya a zaure. Inna ta yafa mayafi ta fita. Suka yi ta gaisawa, ina gajiya, ina ruwa, ya iyali, yaya muka ji da abin ga. Can ya ce, "Lahiya lau yake. Ana nan ana magana da mutanen." Bai ce waɗanne mutane ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Saƙon baki na Inna ne. Ba a aiko wa matar aure kalma a bakin wani namiji. Ni ma ko an ce in bayar, me zan ce wa wannan mutumin ya je ya ce wa mijina?

Ikilima, ƙanwarsa, ita ta shigo da labari daga ɗibar ruwa. Wai Malam Tukur direba yana tattara wayoyin unguwa a buhu, ya kai su gindin wata tsamiya a hanyar Sakkwato, gaba da Lambar Bakura, inda sabis ɗin can yake ɗan zubowa. Ka rubuta saƙonka a gida ka danna, ya tsaya da ɗan agogo a gefensa. In waya ta isa tsamiya sai ya tashi, wanda aka aiko maka kuma ya sauka. Da yamma a dawo maka da abinka. Litinin da Alhamis yake zuwa. Mutanen Maradun ma wai suna da mai kai musu.

Ta ce, "Matar Yaya, sai ki zage ki rubuta mai irin na littahin nan naku. Ya kai hasken idaniyata, ya kai sanyin hantata."

Na ce babu mai cewa sanyin hanta. Ta ce to ni in fara.

Lahadi, bayan magariba

Na rubuta. Ya yi tsawo, sai da na ja allo sau da yawa kafin in ga farkonsa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa ɗakin ya yi mini faɗi, na faɗa masa hularsa tana nan a ƙusa ban taɓa ba. Akwai jimla biyu da na aro daga littafin da nake karantawa, na Surayya da likitanta, amma na canza su kaɗan.

A ƙarshe na ce Yaya Amatullah ta haihu a Bakura, mace, in tafi?

Ban tambayi komai game da ɗayan maganar ba, ta Shamsuddeen da mutanen da suke riƙe da shi. Ban san yadda ake rubuta ta ba.

Litinin, bayan magariba

Waya ta dawo tana warin albasa. A ƙarƙashin dogon saƙona ga abin da na tarar:

"Lafiya lau. Ki kula da Inna."

Na juya wayar na duba bayanta, kamar sauran zai fito ta can.

Gurup kuwa ya cika taf. Shafukan littafin ba su sauka ba, sun yi nauyi, sai surutun mutane kawai. Wata ta ce, "Wayyo, ashe ita ce!" Wata ta ce, "Ni dai ai na faɗa." Wata ta jera fuskar kuka har layi biyu. Wata ta ce, "Shi ma ɗin da sakarcinsa." Wace ce ita? Wane ne shi? Duk wadda ke wurin a lokacin ta sani, shi ya sa ba wadda ta faɗa. Na zama kamar wadda ta shiga ɗaki ana tsakiyar dariya.

Talata, da safe

Ki kula da Inna.

Talata, da azahar

Na kula da ita. Na dama mata kunu, ta kurɓa sau biyu ta ajiye. Tana zaune a tabarma tana fuskantar ƙofa, carbi a hannu amma ba ya tafiya.

Yau ranar kasuwar Mafara ce, ba a ci ba. Titi shiru, har ana jin kukan awakin gidan da ke bayan masallaci.

Laraba, da yamma

Yau suna a Bakura. Ban san sunan da aka sa ba.

Inna ta tuna, abin ya ba ni mamaki. Ta ce, "Ke Zuhura, ba yau na sunan ɗiyar yayarki ba? Bai ce ki tahi ba?"

Na ce bai ce komai ba.

Ta ce, "Ki yi mai uzuri." Ta mayar da ido ƙofa.

Na san akwai abin da ya fi suna. Na sani. Amma layi nawa na rubuta, ya amsa da abin da ake rubuta wa 'yar aiki. A littafi, lokacin da likitan ya daina kula Surayya, ba ta zauna tana kallon hula a ƙusa ba. Ta rubuta masa magana ɗaya, ya bar asibiti ya tuƙo mota cikin ruwan sama.

Na rubuta: "In na zame maka nauyi a wannan lokacin, ka faɗa mini kawai in tafi gidanmu."

Na danna. Ɗan agogon ya tsaya a gefensa.

Alhamis, da hantsi

Malam Tukur bai je ba, bai samu mai ba. Sai Litinin.

Saƙon yana nan da agogonsa. Ana iya gogewa. Na duba shi kafin in ɗora girki, na sake dubawa bayan na sauke. Ya yi kyau a ido, gaskiya. Ban goge ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Mutanen ƙauye sun wuce ta layinmu da ƙunshin kaya a ka, mata da yara, wata tsohuwa a kan jaki. Ɗaya ta roƙi ruwa. Na ba ta, ta sha, ta ba yaron da ke bayanta. Na ce daga ina? Ta nuna da haɓa ta ce, "Can." Na ce Allah ya kyauta.

Da la'asar wasu maza suka shigo da sallama, suka fitar da babban injin ban-ruwa daga ɗakin ajiya, wanda shi ya ce ko aro ba ya bayarwa. Inna ce ta ba su makulli. Ba wanda ya faɗa da baki cewa sayarwa za a yi a haɗa kuɗin mutanen. Sun bar sawun taya a ƙasa har zaure. Ban share ba sai da ta shiga ɗaki.

Asabar

Tantabaru, shara, kunu.

Lahadi, da walaha

Tantabarun Shamsuddeen ne. Ya ce mini in ba su ruwa kwana biyu kawai, in ya dawo zai kawo mini rake daga bakin dam. Fara guda ta yi ƙwai.

Na kai waya caji shagon bakin titi, na wuce da ita gidan Malam Tukur. Matarsa ta liƙa mata takarda da sunana ta jefa a buhu. Ina jin ƙarar faɗawarta a kan sauran na so in ce ta miƙo mini. Sai ta tambaye ni jikin Inna, muka shiga gaisuwa.

Litinin, bayan magariba

Ga nawa a sama: "ka faɗa mini kawai in tafi gidanmu."

Ga nasa a ƙasa, babu komai a tsakani:

"To, ki tafi. Allah ya kiyaye hanya. Ki gaida su Baba."

Na kashe wayar. Tuwo ya yi gudaji, Ikilima ta yi ta mita.

Talata, da asuba

An yi ruwa. Bokitin da na tara ya cika.

Talata, bayan azahar

Ban yi kuka ba. A littafi a nan ake faɗuwa sumamme. Ni wanki na yi.

A Islamiyya malamarmu ta taɓa karantar da mu cewa in miji ya ce wa matarsa ta tafi gidansu, hukuncin yana ga niyyarsa, shi za a tambaya. Lokacin muna ta dariya ƙasa-ƙasa. Kalmar ga ta a hannuna, niyyar kuma tana Maradun.

Ko shekara ba mu yi ba. Kwanukan jerena wasu ko takardar jikinsu ban ɓare ba.

Laraba, da hantsi

Na nuna wa Ikilima. Ta karanta nawa, ta ɗago ta dube ni.

"Ke kinka rubuta wanga? Da hannunki? Ana cikin mi?"

Na ce ta karanta na ƙasa.

Ta karanta. Ta ce, "Yo wa ka sakin mata da ki gaida su Baba? Halan zancen suna yake."

Na ce suna ya wuce tun wancan makon. Kuma da na tambaye shi suna ai ta ga amsar da ya ba ni, in kula da Inna. Wannan kuwa ga shi nan manne da nawa kamar an ɗinka.

Ta ja allo sama da ƙasa. Sai ta ce, "Ni dai Yaya ko kaza za ya yanka sai ya yi shawara."

Na ce masu sanyin nan su suka fi iyawa. Likitan ma da murmushi ya yi nasa.

"Wane likita?"

Na ce ba ta san shi ba.

"Allah shi raba mu da likitan ga," in ji ta. Ta fita da tulu, amma na ga ta tsaya a zaure tana goge ido da bakin hijabi. Ban sani ba ko don ni ne ko don takalmin.

Laraba, da yamma

Na haɗa kaya a babbar jaka. Na rubuta masa: "Na gode. Na tafi. Ka aiko da takardata Bakura." Na danna, agogo ya tsaya. Na kashe waya don caji ya kusa ƙarewa.

Na durƙusa gaban Inna na ce ya ce in tafi gida.

Ta daɗe tana kallona. Tun da abin ya faru yau ne ta kalli wani abu da ba ƙofa ba.

"Barka za ki?"

Na gyara mayafina.

"To, barka za ki." Ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta ciro sabulu da 'yar rigar jarirai, ta ɗora mini a cinya. "Ki kai ma mai jego. Ki ce ina yi mata barka, ba ni da ƙahwar zuwa."

Alhamis, bayan magariba, a Bakura

Zan rubuta yadda ya faru, a jere.

Na shiga motar Malam Tukur da safe, ni da wasu mata biyu. A tasha ya tsaya, wani mai babur ya miƙo masa wani buhun, ya jefa a but kusa da namu. Ban kula ba.

Da muka kai Lambar Bakura ya taka birki ya ce, "Amarya, ga mahaɗarku." Ban sauka ba. Na ce zan bi su tsamiya tukuna in aika saƙo da hannuna, in sun juyo sai in sauka. Ya ce ai kujerar tawa ce.

Tsamiyar ba ta kai yadda na zata ba. Wata guntuwa ce a gefen titi, da masu awara da mai shayi sun riga sun kafa a ƙarƙashinta. Mutane tsaye ko'ina, kowa ya ɗaga hannu sama da waya kamar masu roƙon ruwa. Malam Tukur ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage buhun farko a gefe ɗaya, na biyu a ɗaya gefen.

Na ce na biyun fa?

Ya ce, "Na Maradun. Tare nike kawo su, mai ɗaya, tahiya ɗaya."

Sai suka fara. Wannan ta yi ƙara, waccan ta yi rawa, wata ta yi sallama, wata kukan jariri, tabarma duk ta ɗauka kamar kwaɗi bayan ruwa. Matan suna dariya. Ni kuwa idona ya faɗa kan wata baƙa mai fasasshen gefe, da ɗan hoton fure a bayanta. Ni na liƙa furen, satin da aka kawo ni. Ya ce abin mata ne, amma bai ɓare ba.

Tana kwance a rana ita kaɗai. Ta yi haske, ta yi rawa, ta yi shiru. Babu hannu a kanta.

Na tsaya ina kallonta. Wayarsa tana nan, shi yana Maradun. Duk abin da ke fita daga cikinta yanzu, tun jiya ko shekaranjiya ya rubuta. Duk abin da ke shiga, sai an mayar masa zai gani. Nawa da nasa a nan suke haɗuwa, su wuce juna kamar motoci, su sauka ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ran da ya ce in kula da Inna bai ga dogon saƙona ba. Ran da ya ce in tafi, dogon ya karanta, mai tambayar suna. Izinin barka ya ba ni.

Na ji sanyi ya sauko mini har ƙafa. Bai kai ƙasa ba ya tsaya. Domin in haka ne, maganar nauyi sai daren Litinin ya gan ta, amsarta ta gaskiya yanzu take fita daga wayar nan mai fure. Kuma tawa tana cikin jaka a kashe, da maganar takarda a bakinta. Ina kunnawa za ta tashi.

Na ce, "Malam Tukur, a ina sabis ɗin yake ƙarewa?"

Ya ce kowa tambaya yake ina yake farawa. Ya nuna baya. "Kin ga kwalbatin can? Kina tsallake shi kin koma Zamfara."

Na tafi. Da takalmin fita, mai tsini, a gefen kwalta, rana a ka. Mai awara ta ɗaga murya ta ce, "Baiwar Allah, nan ne sabis, can babu!" Na ce na sani. Na wuce kwalbatin, na ƙara gaba har sai da tsamiyar ta koma kamar kabewa, don kada a yi rashin sa'a. Na tsuguna bayan wata gonar gero na kunna. Babu ko sandar sabis ɗaya. Ban taɓa murnar ganin haka ba sai yau.

"Na gode. Na tafi. Ka aiko da takardata Bakura." Na danne shi, na goge.

Dawowar ta fi nisa. Ina tafe ina tunanin mutumin da ke zaune gidan kawunsa yana jiran abin da yake jira, a miƙo masa waya ya buɗe ya ga matarsa tana zancen nauyi. In ya ce in tafi a wannan karon, ba ni da tsamiyar da zan ɗora wa laifi.

Ina taka kwalbatin ta yi rawa a hannuna. Ban duba ba sai da na kai inuwa na zauna a kan jakata.

"Salamu alaikum. Ina gajiya, ya Inna, ya Ikilima. Na ga maganarki. A wane littafi kika samo ta? Ba inda za ki. Da hagu nake rubutu shi ya sa ba na tsawaitawa, hannun daman yana ɗaure amma da sauƙi, kar ki faɗa wa Inna. Dogon saƙonki ina karanta shi kullum. Ki ci gaba da ba tantabarunsa ruwa."

Na karanta. Na sake. Ban san me ya sami hannun ba, bai faɗa ba.

Na rubuta "To." Har zan danna sai na tsaya. Wannan "To" ɗin zai je ya sauka ƙarƙashin abin da ban sani ba, ya same shi a ranar da ban sani ba. Na goge na sake:

"Yau Alhamis, ina gindin tsamiya, ga wayarka a gabana. Ina amsa maganarka ta ba inda za ni. To. Zan kwana Bakura barkar da ka ba ni izini, gobe Juma'a in koma gida, gidanmu na Mafara nake nufi. Allah ya ba hannu lafiya. Farar ta yi ƙwai."

Na danna. Agogon bai ko tsaya ba. A kan tabarma, tsakanin wayoyin Maradun, mai furen ta yi haske.

Malam Tukur ya ce, "Amarya, saƙo ya tahi?"

Na ce ya isa ma.

Sunan jaririyar Fatima. Tana da gashi. Yaya Amatullah ta dubi jakata ta ce wata nawa zan yi, na ce kayan wanki ne.

Juma'a, bayan la'asar, a Mafara

Inna tana tabarma, fuska ga ƙofa. Na durƙusa muka gaisa, ina gajiya, ya hanya, ya mai jego, ya mutanen gida. Ta dubi jakar ta ce, "Barkar ga ta sha kaya." Ba ta ƙara ba. Kunun da na dama ta sha rabi.

Ikilima ta biyo ni ɗaki tana raɗa, "Ya likita?" Na ce ya rasu.

Na mayar da kaya sif. Hula tana ƙusa. Takalmi yana zaure, na zagaye shi.

Na canza wa tantabaru ruwa.